Sai Maigidana Ya Kira

"Ɗauke maganinka, bawan Allah," in ji Malama. "Ba na shan komai sai maigidana ya kira."

Mai jinyar ya ajiye ƙwayoyin da kofin ruwa a gefen gado. Shekara biyu ke nan da ciwon mantuwa ya kama ta, har sunayen 'ya'yanta sun zube mata. Babbar 'yarta ce ta girka wata 'yar na'ura a kan tebur, wadda in an kira ta waya take amsawa da kanta.

Ya fita baranda, ya ja ƙofa. Jim kaɗan na'urar ta yi magana.

"Uwargida ran gida, an sha magani kuwa?"

Ta taga ya hango ta tana gyara ɗankwali.

"Yanzu zan sha. Kai dai ka daɗe a tafiyar nan." Ta haɗiye ƙwayoyin, ta rage murya. "Mutumin nan da ka ɗauko min ba shi da laifi, yana da haƙuri. Amma ka sallame shi. Bai dace baƙo ya riƙa shigo min ɗaki ba kana raye. Yaushe za ka dawo?"

A baranda, mai jinyar ya sauke waya daga kunnensa, ya share ido da hannun riga. Shekara arba'in da uku da aurensu. Muryarsa kaɗai ta rage mata, ita ma sai in ba ta ganin fuskarsa.

Ya mayar da wayar kunne.

"Ina hanya," ya ce. "Ki ɗan ƙara haƙuri da shi."