Littafin da Bai Ba Baba Dariya Ba

Wata Asabar da la'asar, ina 'yar firamare, na aro littafi a laburaren unguwarmu a Plumstead. Na wani Bature ne mai yawon garuruwan bakin teku yana yi musu ba'a. Malamarmu ta ce ta yi dariya har da hawaye, maƙwabcinmu Kawu Sani ma ya ce babu kamarsa. Na ƙudurta sai na ba Baba dariya, don tun zuwanmu London ban cika jin dariyarsa ba.

Yana zaune kan darduma yana shan shayi. Na karanta masa inda marubucin ya sauka gidan wata tsohuwa, ya ce bargonta warin kifi yake yi, ƙwan da ta soya masa kuma kamar tafin takalmi. Ina karantawa ina ƙyaƙyatawa. Baba ko murmushi bai yi ba.

"Ya ci ƙwan?"

"Ya ci, Baba."

"Ya kwana a ɗakin?"

"Ya kwana."

Ya ajiye kofin. "Ya ci nata, ya lulluɓa da nata, sannan ya tara mata duniya. Da wane ido za ta fita kasuwa?"

Na ce ai wasa ne.

Ya ce, "Da ita aka yi wasan?"

Bara na kwana a wani ƙaramin masauki a bakin teku, ɗakin sanyi kamar firji. Da na dawo, masu masaukin suka turo saƙo in rubuta ra'ayina a intanet. Na daɗe riƙe da wayar, ina tuna matar da ta kawo min shayi har ɗaki. Abin da na iya rubutawa kawai shi ne: "An karɓe mu. Mun gode."