Sunan da Kotu Ta Ƙi Karɓa

Tun da aka yi sabuwar doka, ba a shiga ƙarar gurɓata ruwa da fatar baki. Sai na'urar kotu ta ga gubar a jininka.

Da suka yi arba'in da haihuwa, Lantana ta goyo jaririyarta Hajjo zuwa kotu, don a gyara takardar ƙara a saka ta cikin masu ƙarar kamfanin jima da ya ɓata musu rafi. Sunan Lantana na ciki, da na mijinta, da na 'ya'yanta biyu da ke kwance a gida.

Magatakarda ya tsikari diddigen yarinyar, ya ɗiga jinin a na'ura. A kan kowa na ƙauyensu, jar fitila take kawowa. Yau sai ta kawo koriya.

"Baiwar Allah, ba zan iya saka ta ba. Jininta tas yake."

"Sake gwadawa, Malam."

Ya sake. Koriya dai.

Lantana ta zauna daɓas a benci, tana dariya, hawaye na zuba. "Alhamdu lillahi! Hajjo, kotu ta ƙi ki."

Za ta fita ke nan, magatakarda ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, "Na bar mata wuri ƙarƙashin sunanki. Ki dawo da ita bayan yaye, in ta fara shan ruwan rafin."

Lantana ta ƙara tamke goyonta. "Yaye? Ai da saura, Malam."