Tantabarun Nafi'u

Ranar da aka zo mini da labarin mijina Malam ya yanke jiki a kasuwa ya rasu, autanmu Nafi'u, da ke gidan yari, shi na fara tunawa. Dokar yanzu ta hana a kai wa fursuna labari. Tambaya ɗaya kawai ake ba shi damar yi duk sati. Zai yi wa na'urar da ke bango, ita kuma ta kira gida ta karɓi amsa. Abin da bai tambaya ba, ba a gaya masa.

Ran Asabar wayata ta yi ƙara. Na'urar ta ce, "Nafi'u yana tambaya, tantabarunsa sun ƙyanƙyashe?"

"Ki ce masa babansa ya rasu!"

"Wannan ba amsar tambayar ba ce, Hajiya."

"Hajiya? Ke kika biya mini kujerar Makka?"

Na je ziyara ina takaba, ba kwalli ba ɗankunne, carbin Malam a hannuna. Ina fara maganar, gilashin da ke tsakaninmu ya haɗiye muryata. Gandiroba ya ce, "Iya, gaisuwa kawai." Nafi'u ya daɗe yana kallon carbin, sannan ya ce, "Inna, kin rame."

Na ce to, wannan satin dai zai tambaya. Asabar ta zo, tambayarsa wai tantabaru nawa suka rage.

Yau wata bakwai ke nan. Yaron nan ya sani sarai, ƙin ji yake yi, ya bar ni da maganar a baki. Kullum da safe ina watsa wa tantabarun dawa in ƙirga su, kada ya tambaya in yi kuskure. Yau goma sha ɗaya ne.