Ruwan Tafkin Malam Safiyanu

Sandar da Malam Safiyanu ya kafa a bakin tafkinsa ta nuna ruwa ya sake sauka da taƙi guda. Kwana shida ke nan a jere.

Tafkin yana cikin gonarsa a fadamar Auyo. Ragowar ambaliyar damina ce da ya tare da tudun ƙasa, kuma da shi yake shayar da shinkafar rani, wadda yanzu ta yi ciki. In ruwan ya ƙare kafin mako uku, ƙaiƙayi zai girba.

A bayan tudun, can gangare, fangulan albasar Hajo ne, matar ƙaninsa marigayi Usaini, mai marayu huɗu. Makonni biyu da suka wuce ta durƙusa masa a gaban manoma, albasarta tana ƙonewa.

"Yaya, ko na kwana biyu ne, don yaran nan."

"Ba inji, ba fasa mini tudu," ya ce yana dariya. "In za ki iya sa ruwa ya haura tudun nan da ƙafarsa, ki sha, na yafe. Jama'a, ku shaida."

Haka yake. Malamin kimiyyar noma ne a wata sakandare a Haɗeja, kuma kallon waɗanda suka faɗi jarrabawa yake yi wa kowa. A gida, in matarsa Adila ta tambaye shi ko da abin da ke sa nono tsami ne, sai ya ce ta ji da tukunyarta. Amma a zauren Watsaf na Tambayi Masana, inda mutum ɗari uku da ba su san juna ba suke kawo abin da ya shige musu duhu, ba ya gajiya da rubutu. A can akwai masu kallo.

Cikin zauren akwai wani da ya fi ba shi nishaɗi, mai kiran kansa Mai Neman Sani, ba hoto, ba cikakken suna, lambar ma baƙuwa ce. Me ya sa albasa ke sa hawaye? Wata ya fi girma ko Najeriya? Me ya sa ɗan bumburutu yake zuƙar tiyo sau ɗaya, amma fetur ya yi ta zuba? To in tiyon ya fi ƙarfin baki fa? Shin kifi yana barci?

Malam kan fara da tambayar wace makaranta ce ta yaye wannan bawan Allah, sannan ya zuba bayani dalla-dalla, har da zane. Mutane su yi ta tura masa hoton tafi. Mai Neman Sani kuwa kullum amsarsa ɗaya: "Na gode, Malam, Allah ya ƙara basira."

Yanzu ga shi abu ya shige wa malam duhu. Ya zagaye tudun sau uku, babu tsaga, babu ramin gafiya. Babu sawun inji, kuma masunta sun rantse ba su ji ƙara ba. Rana ba ta shan taƙi guda a yini, wannan ya sani, shi ke koyar da shi. Albasar Hajo kuwa ta miƙe, ta yi kore shar. Da ya tsare Hajo, sai ta sunkuyar da kai ta ce ikon Allah ne.

A gida ya huce a kan Adila, wadda ta dawo daga dubiya da taɓo a gefen zane.

"Ku mata ko hanya ba ku iya bi ba."

Ta ajiye masa abinci.

Rana ta takwas, da sandar ta fara nuna gindi, ya haɗiye girman kai ya rubuta a zauren cewa wani abokinsa ne ke da tafki mai raguwa ba dalili. Amsoshi suka yi ta zuwa. Wani ya ce aljanu, wani ya ce a yanka baƙin zakara, wani daga Kirikasamma ya ce kada ne ke sha. Malam ya yi tsaki. Mutum ɗari uku, babu ko ɗaya mai kai.

Sai Mai Neman Sani ya turo saƙo. Ba sabo ba ne, tsohon bayanin malam ne da kansa: a cika tiyo da ruwa, a toshe bakinsa biyu, a nutsa ɗaya, a sauke ɗayan ƙasa da shi, sannan a buɗe. Ruwa zai haura kowane ƙaramin tudu ba tare da inji ba, abin da ɗan firamare ma ya sani.

Ya bar aji ya hau babur. Ya kutsa cikin ciyawar kacala har gwiwa, da takalmansa na makaranta, ƙafarsa ta taka shi: tiyo mai kaurin dantse, an binne shi cikin laka, ya haura tudun ya gangara fangulan Hajo, ruwa yana bi shiru.

Ya fara ihu zai kai ƙara. Manoma suka taru, wani dattijo ya tuna masa, cikin natsuwa, cewa shi ya ce su shaida.

Hajo dai ba ta yi karatun boko ba, wayarta ma ta kira ce kawai. To wane munafukin ne ya zauna yana tatsarsa, yana yi masa godiya? Ya nemo lambar Mai Neman Sani, ya danna kira, ya sa a lasifika don kowa ya ji wankin da zai yi masa.

Bugu biyu aka ɗauka.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Adila, "na san in a gida na tambaye ka, tukunya za ka tura ni."