Firijin da Sai an Tura

Kai da ka ce ka taɓa sana'a ta ƙi ka tun a ranar farko, matso ka ji. An yi wani mai kindirmo a bakin tasha, mutum mai baki kamar rediyo, wanda ɗaukewar wuta ta addabe shi, kullum nono ya yi tsami ya tsinke. Ya sayo batura, ya leƙa bayan firijinsa ya karanto lambar ƙarfin wutar da yake ci, ya je wani shago a kasuwa ya ɗauko inbata, na'urar da ke juya wutar batur ta zama irin ta gida, daidai da lambar nan, babu ƙarin ko ƙwayar zarra. Ya dawo yana bugun ƙirji, wai shi ba a cin sa a ciniki. Har ya karɓi aikin kindirmon walimar wata Hajiya, ya cika firiji maƙil. Da hantsi aka ɗauke wuta, gogan naka ya kunna inbata yana murmushi. Firiji ya yi gurnani sau ɗaya, inbata ta yi tsuwa kamar ɓera a tarko, ɗif, ta mutu. Ya sake kunnawa, haka. Mai shayi na kusa da shi ya leƙo ya ce, "Injiniya, ko a kira maka mai ruƙiyya?"

Rana na ƙara zafi, kindirmon Hajiya na ɗumama, ga sunansa zai ɓaci a gidan biki. Ya ari kurar mai ruwa, ya jibga baturan da inbatar, ya rantse sai ya mayar wa mai shago kayansa. Ya dafa kura ya tura, ko gezau. Ya yi nishi, jijiyar wuya ta fito, takalmi ya zame. Sai da mai shayi ya sa kafaɗa, suna yi yana tsokanarsa, sannan taya ta juya. Tana juyawa kuwa, sai ga shi da hannu ɗaya yake tafiyar da ita, ɗayan yana share gumi. Nan ya yi turus a tsakiyar hanya. Kayan dai su ne, nauyin bai ragu ba, amma ƙarfin da ya tayar da kurar daban, wanda ke jan ta daban. Da ya isa shago, faɗan da ya ɗauko ya bi ruwa, ya ce, "Maigida, ashe firiji ma sai an tura shi?" Mai shago ya yi dariya ya ce lambar bayan firiji ta tafiya ce. A lokacin tashi injinsa kan fizgi ninkin-ba-ninkinta na ɗan ƙiftawar ido, don haka inbata sai mai ƙarfin da ya ninka lambar sau uku ko fiye. Suka yi musaya. Ya dawo ya haɗa, firiji ya yi gurnanin nan, ya ɗauka, ya ci gaba da kiɗansa a hankali kamar mage na minshari. Kindirmo ya isa gidan walima da sanyinsa, kuma har yau gogan yana gaya wa mutanen tasha cewa shi ya gano ilmin nan da kansa, bai ambaci kafaɗar mai shayi ba.

To kai ma kada ka auna sana'arka da nishin ranar farko. Tanadi ƙarfin tashi, tafiyar mai sauƙi ce. Hausawa sun riga mu faɗa: wuyar aiki ba a fara ba.