Ranar Rabin Kuɗi

Gorar ruwa huɗu bakaniken ya jera a kan tabarma, duk a famfon gida ya cika su. Surukarsa na tsaye a bakin ƙofa, ta taɓe baki. Wai wannan ne zai kai jikokinta filin wasa, inda ake hawan lilo da jirgin ƙasa na yara. Wata huɗu kacal da rasuwar 'yarta har ya samu zuciyar yawo, yawon ma na tsiya.

Ba don nishaɗi Kaka ta ce za ta bi su ba. Ta riga ta gaya wa dangi cewa yaran nan biyu hannunta za su dawo, yau kuwa za ta samo hujjar da za ta rufe bakin kowa.

Komai zai yi sai ya zaro wata takarda daga aljihu ya duba, kamar mai bin ƙa'idar magani. Talata aka zaɓa don ranar rabin kuɗi ce, har gareji ya rufe saboda haka. Motar haya aka shiga, aka sauka nesa, aka ƙarasa da ƙafa. Guzuri kuwa biredi da dafaffen ƙwai a leda.

A ƙofar shiga akwai sandar awon tsayi: yaron da bai kai jan layi ba kyauta yake wucewa. Uban ya durƙusa ya cire wa Auta takalmi, ya danne mata gashi. Da faɗin yatsa ta tsira.

"Ka aske ta mana gaba ɗaya," in ji Kaka. "Ko ka ninke ta ka cusa a ledar."

Ya wuce wurin yankar tikiti. Hawa uku-uku ya yanka wa yaran. Da rana ta take, ya kai su inuwar wata bishiya a bayan rumfar tikiti, ya tokara wa Kaka matashi a baya, ya zuba mata shayi daga filas. Ta kurɓa, ta yi tsaki. Sukarin ma tsada ya yi masa.

"Da 'yata na raye, wallahi ba da ita za a yi wannan ƙarantar ba. Wane matsiyaci ne ma ya tsara maka tafiyar nan?"

Yaran suka ja shi zuwa lilo, takardar ta zamo daga aljihunsa. Kaka ta yi wuf ta ɗauke. Ga hujja har hannu.

A bayan takardar gwajin asibiti aka yi rubutun. Talata. Ruwa daga gida. A je kafin Auta ta wuce layi. Matashi don bayan Inna, kuma likita ya hana ta sukari.

Can ƙasa, da rubutun nan mai karkata da ta sani tun 'yarta na firamare: "Ka tafi da Inna. Za ta yi ta faɗa, ka ƙyale ta, kewata ce."