Ranar da Sallau Ya Yi Ladabi

Malam Hashimu matsoraci ne, shi kansa ba ya musu. Tun da aka kafa na'urar ɗaukar hoton zuciya a ƙofar kasuwa, ta lungun 'yan kaji yake zagayawa. Na'urar tana hango ƙarin da ke tsirowa cikin zuciya, irin wanda sai a zaga gari guda ba a samu mai shi ba. Kuma an koya mata kara: ba ta gaya wa mai ciwon, sai dai ta aika wa wani nasa saƙo ta waya.

Ranar Laraba mai ɗakinsa ta aike shi sayen manja. Ƙamshin tsire ya ɗauke masa hankali, sai ga shi ya bi ta ƙofar.

Mai tsiren kuwa taubashinsa ne, Sallau. Hashimu ya gyara tumbi ya fara tsokana.

"Kai, ɓarawon nama, yanko mai zafi!"

Sallau ya duba wayarsa, ya mayar aljihu. Ya kakkaɓe benci da hularsa.

"Zauna, Malam Hashimu. A rage maka kitsen?"

Hashimu ya zauna ya cinye tas, har ya siɗe yatsu. Tun suna yara dai Sallau bai taɓa kiransa da komai ba sai Buhun Gero.